Mati Birkila da Rigar Ganuwa

Ranar da manyan baƙi suka zo ganin guntuwar ganuwar da ta rage mamu a bayan Ƙofar Kaura, Mati Birkila ya sauko daga samanta, amma ba ta matakala ba. Da baya ya sauko, ƙafafu sama, lasifika a hannu.

Tun hantsi ya haye can ƙololuwa ya tsaya cikin farar shadda da aka ɗinka mashi don wannan rana, hulla ta sha kari, yana ta gyaran murya. Motar baƙin na tsayawa ya kanga lasifikar a baki ya ce, "Assalamu alaikum manyan baƙinmu, barkanku da zu..." Bai ƙarasa zuwan ba. Simintin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya yi wata 'yar ƙara kamar an karya ƙuli-ƙuli, sai ga falle guda mai faɗin tabarmar masallaci ya saki jikin ganuwar ya taho ƙasa, Mati na zamne bisa. Kuma bai saki lasifikar ba, don haka duk salatin da ya yi a hanya har masu kayan miya na bakin titi sun ji shi tar. Ya zo ya dire cikin kwatar da ruwan wanke-wanken unguwa ke bi. Babbar riga ta kife mashi a ka, wando ya tsage daga inda bai kamata ba zuwa inda ya fi rashin kamata. Hulla kau ta ci gaba da tafiya ita kaɗai, ta gangara ta tsaya gaban wata mata mai farin gilashi da ta fito daga motar.

Matar ta duƙa ta ɗauki hullar ta kakkaɓe. Ba ta yi dariya ba. Ita kaɗai ce ba ta yi ba a duk faɗin wurin, don har direbanta sai da ya kifa kai a sitiyari.

Babaji mai faci, taubashin Mati, ɗan ƙanwar babansa, wanda wasa ya halatta tsakaninsu tun suna tsirara, shi ya fara isa bakin kwatar. Bai miƙa hannu ba. Ya riƙe ƙugu ya leƙa ya ce, "Sannu da sauka, injiniya. Ya hanya? Ya ka baro mutanen sama?"

To, kafin a tsamo shi, bari a faɗi ko wane ne Mati da abin da ya kai shi can bisa.

Babansa shi ne marigayi Mamman Magini, maginin ƙasa na gaske, irin wanda in ya murza tubali da hannu ya ajiye a rana, ko jifa ka yi da shi ba ya fashewa. Gidansu na manne da wannan guntuwar ganuwa. Ganuwar da ta taɓa zagaye Katsina ke nan, amma a ɓangarenmu an cinye ta kaf: wani ya ɗiba ya yi ɗaki, wani ya ɗiba ya yi katanga, titi ya bi ta kan saura. Wannan guda ce ta tsira, zaune bisa ɗan tudu, tsayinta ya kusa na bene, in ka hau kana hango rufin kwanon rabin gari. Ba don komi ta tsira ba sai don Baba Mamman. Duk bayan damina sai ya kwaɓa ƙasa ya liƙe inda ruwa ya zaizaye, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya gode mashi. In ya hangi mutum da baro da diga ya nufo ta, sai ya fito da gora. Ya ce haka ya tarar babansa na yi.

Mati kuwa tun yana saurayi ya tsani ƙasa. Ba laifinsa ne duka ba. Ranar da ya fara zuwa zance wurin Hajo, wadda yanzu ita ce uwar 'ya'yansa, ƙawayenta suka toshe hanci suka ce wai warin makuba yake, wannan jiƙon ɓawon ɗorawa da ake zuba ma yaɓe don ya yi ƙarfi. Suka laƙaba mashi Ɗan Taɓo. Ya koma gida ya tarar da babansa zamne a zaure yana shafa ma ƙafafunsa man kaɗe, ƙafafun nan duk faso kamar gindin kududdufi da rani. Mati ya kalle su ya kalli nasa, ya rantse ba zai gaji wannan ba. Ya tsere GRA ya shiga leburanci a inda ake gina gidajen manya, ya sha kwanon sarki a ka har gashin tsakiyar kansa ya yi sallama da shi, amma ya fito birkila. Ya dawo unguwa da cokalin gini soke a ƙugu da igiyar awo, da wata magana da ba ta barin bakinsa: "Ƙasa ai sai kabari."

Daga nan ba a sake zama lafiya da shi ba. In ya zo gidanka barka ko gaisuwa, kafin ya zamna sai ya ƙwanƙwasa bangonka da yatsa ya kasa kunne, ya girgiza kai ya ce, "Wanga bai kai baɗi." Bangon da ya faɗa ma haka tun zamanin soja na nan tsaye, amma Mati bai fasa ba.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne gyaran fuska. A unguwarmu, in za a yi biki ko suna, ko wani zai dawo daga Makka, ba a rushe gida a sake. Bangon da ke kallon titi ake shafe ma siminti a buga fenti, bayan gida kau ko oho, ba baƙon da ke zagayawa can. Rabin gidajen layinmu Mati ya yi masu wannan kwalliya. Ta gaba ka ce gidan kwamishina, ta baya akuya na sosa jiki tana zubo da bango.

Shekarar da Baba Mamman ya kwanta ciwon ajali, ba mai fitowa da gora. A cikin wannan kwanciya aka wayi gari ganuwa ta yi wani ƙaton rami a gefenta na gabas, a makon kuma gidan Babaji ya samu sabon bayi na jar ƙasa mai kyau. Kowa ya gani, kowa ya haɗa lissafi, ba wanda ya ce uffan. Mati ma bai ce ba, saboda zumunci. Da tsohon ya ji tafiya ta matso, ya kira Mati ya riƙe hannunsa ya ce, "Ban bar maka gona ba, ban bar maka shanu ba. Ga ta nan. Kada a ce a hannunka ta kwanta."

Mati ya yi kuka ya ɗauki alkawari. Ya kuma ɗauki gorar, wannan kam ya riƙe ta da gaske, ba wanda ya sake ɗibar ko cikin cokali. Amma yaɓe? Ina! Shi Mati, ya naɗe wando ya shiga taɓo a bakin titi? Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ganuwa na ramewa, shi yana kau da kai.

Ana nan sai Alhaji Muttaka, mai jerin shaguna a hagu da dama da wurin, ya fara kallon tudun da idon da mahauci ke kallon rago. Ya ce tarin ƙasa ne kawai mai tara macizai da 'yan shaye-shaye, a baje shi a yi shaguna kowa ya amfana. Ya fara shiga yana fita a ofisoshi, har an ji yana tambayar hayar katafila. Mati ya rasa barci. Sai wani ya ba shi shawara ya kai kuka wurin masu kula da kayan tarihi, don in suka sa ganuwar cikin abin da suke karewa, ba mai ikon taɓa ta ko da allura. In ba su sa ba, to katafila ce. Mati ya yi ta sintiri har takalminsa ya san hanya, ƙarshe aka ce mashi ya koma, za a turo mutane su gani da ido.

Ya dawo da murna, ya tsaya a titi ya ɗaga kai ya kalli abin da manyan mutane za su zo gani. Murnar ta koma ciki. Jiki duk tsaga, ledoji sun maƙale, tumfafiya ta fito a kafaɗa, ga awaki sun yi layi a sama kamar masu jiran mota. Kunya ta rufe shi, irin ta ranar zance. Wai wannan zai nuna ma masu ilimi, mutanen da ke zama ofis mai sanyi, ya ce gadon ubansa ne?

Babaji na daga rumfar facinsa yana kallonsa. Ya ce, "Mi ya faru, injiniya? Ka yi tsaye kamar an ce ka biya ma wani sadaki."

"Baƙi za su zo, dubi yadda take."

"To kai da ka yi ma gidan kowa fuska, taka ce za ka bari ba wanka? Ai ko amarya ba a kai ta haka."

Babaji da wasa ya faɗa. Mati ya ɗauka da gaske.

Akwai buhunan siminti jingine a zaurensa, waɗanda ya daɗe yana tarawa don ya gina ma Hajo madafa, saboda ta gaji da girki a tsakar gida ruwa na kashe mata wuta. Hajo ta ga ana fita da su ɗaya bayan ɗaya, ta tare ƙofa.

"Malam, ina za a kai mani madafa?"

"Aro na yi, Hajo. Aikin tarihi ne, ba za ki gane ba."

"Tarihin ne zai dafa maka tuwo in ruwa ya sauko?"

Bai saurare ta ba. Ya kafa tsani, ya shafe fuskar ganuwar nan da ke kallon titi tun daga gindi har sama, sumul, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Ya fitar mata da kusurwa tsaf da igiyar awo, abin da ba ta taɓa samu ba tun da aka gina ta. Ya yi mata matakala. Kuma da yake shi birkila ne na ƙwarai ba na ha'inci ba, ya san siminti na son ruwa kafin ya kama, sai ya tsare 'yan ga-ruwa. Safe da yamma yana bisa da bokiti yana kwarara mata, har da ƙari don kada a ce ya yi rowa. Da ta sha ta ƙoshi ya kawo fenti, kore da fari da kore. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna tambayar ko sabuwar firamare ce. Mati ya ji daɗin wannan tambaya ƙwarai. Baya kuwa bai taɓa ba, don can bola ce, wa zai zagaya?

Ga yadda aka yi ya tsinci kansa cikin kwata.

Da aka tsamo shi, ba halin ya juya ma mutane baya, ba halin ya tsaya haka. Hajo, da ke leƙe ta saman katanga, ta cillo zanenta na atamfa mai hoton kaji. Da shi Mati ya ɗaura, bisa shaddar da ta koma kalar ruwan kwata, ya tsaya gaban baƙi yana ɗiga.

Matar mai gilashi, Hajiya Fadila, ita ce shugabar tawagar. Ta miƙa mashi hullarsa ta ce, "Malam Mati ko? Sannu. Ba ka ji ciwo ba dai?"

"Lahiya lau, ranki ya daɗe. Sauri na yi in tarbe ku."

Ta wuce shi ta je inda fallen ya ɓalle, ta danna yatsa a jikin ganuwar. Yatsan ya shige kamar cikin tuwon da ya kwana. Ta ɗaga kai ta kalli sama, ko gizagizai babu.

"An yi ruwa ne a unguwar nan?"

"Ruwan Mati ne, Hajiya," in ji Babaji daga cikin taro. "Safe da yamma. Mu da ke layin ko na alwala sai mun yi roƙo."

"Wa ya yi wannan aikin simintin?"

Wannan ita ce tambayar da Mati ya kwana biyu yana shirya ma amsa, har ya tanadi inda zai ce a'a, ba sai an gode ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya kamar ɗan aji.

Hajiya Fadila ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mashi sauƙi. Ta ce ginin ƙasa yakan sha ruwa ya fitar da kansa in rana ta buga, amma in aka rufe shi da siminti, ruwan ya rasa ta inda zai fita, sai ya zamna ciki ya ruɓar da shi. Ta ce in aka bar wannan rigar har damina ta zauna, duk ganuwar za ta narke a cikinta kamar sabulu. Sannan ta ce, "Kuma mu tsohon abu muka zo gani, Malam. Abin da ke gabana bai yi wata guda a duniya ba. In na koma, mi zan ce na gani?"

Abin da ya fi ƙona Mati shi ne ba sabon karatu ba ne. Ya taɓa jin wannan maganar, kusan kalma da kalma, daga bakin tsohon da ke shafa man kaɗe a zaure, ranar da ya ce bari ya yi ma gidansu filasta. A ranar dariya ya yi ya ce zamani ya wuce Baba. Ya saci kallon gefe, sai ga Alhaji Muttaka tsaye a ƙofar shagonsa yana sakace haƙori, fuskar nan fal annuri. Wato abin da katafila ba ta samu izinin yi ba, Mati ya yi mata da bokiti, kyauta.

Baƙi suka fara komawa mota. Sai Hajiya ta tsaya ta ce, "Bayan fa? Nan ma haka aka yi?"

Mati ya yi wuf ya tare hanya, zane na harɗe shi. "Ranki ya daɗe, can ba wurin zuwan manya ba ne. Bola ce. Ban samu na gyara ba, ki yi haƙuri."

"Ba ka gyara ba?" Ta tattare doguwar rigarta. "Mu je."

Suka ratsa toka da ledoji da ɓawon rake, Mati na biye yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige. Rabon da ya zagayo nan tun rasuwar babansa. Ga ganuwar nan, ja wur, jerin tsofaffin tubala na leƙowa ta inda yaɓe ya zube, yaɓe bisa yaɓe, na wannan zamani bisa na wancan. A saman duka ga na ƙarshe, da sawun yatsu a jiki, layi-layi, yadda hannu ya shafa ya wuce. A wani wuri ƙasa-ƙasa tafin hannu ne cikakke, inda mai aikin ya dafa don ya miƙe, ƙaramin yatsa a lanƙwashe.

Hajiya ta matsa kusa. Ta ɗora hannunta a cikin sawun. "Wannan hannun wa?"

"Na babana ne." Mati ya duƙa kusa da ita. "Tubali ne ya taɓa faɗo mashi a yatsan."

Ta juyo ta dube shi, shi da zanen kajinsa. Ta ce ba ta yi alkawarin komi ba. Amma in ya cire simintin nan da hannu, a hankali, ba da ƙarfi ba, ya bar ta ta bushe, ya mayar mata da yaɓen ƙasa irin wannan kafin damina ta zauna, za ta dawo ta sake dubawa. In ruwa ya riga shi, to ba sai ta zo ba, don ba abin da za ta tarar.

Mati ya shige gida bai sake fitowa ba. Wani ɗan albarka ya ɗauki saukar tasa a waya, har an sa mata kiɗa, ta zagaye gari ta kai Funtuwa ta dawo. Sunan Birkila ya ɓace, ya koma Mati Jirgin Sama. Sallah ma sai ya bi ta lungu ya tafi masallacin wata unguwa, nan ma liman ya tambaye shi ya jiki.

Wata rana da azahar Hajo ta ɗaga labule ta same shi kwance yana kallon silin.

"Malam, madafata na cikin kwata, na haƙura. Zanena ya shiga duniya, na haƙura. Amma namiji kwance a ɗaki da rana tsaka, wannan ban iyawa."

"Ki bar ni, Hajo."

"Hadari ya fara haɗowa gabas. Kuma ɗazu na ga Alhaji Muttaka na auna wurin da taku, yana nuna ma wani inda ƙofar shago za ta kalla."

Mati ya tashi zamne. "So kike in naɗe wando in shiga taɓo a bakin titi? Ni? Kowa na kallo?"

"Mutumin da duk Katsina ta ga abin da ta gani, wane kallo ne ya rage ba a yi mashi ba?"

Washegari ya fito da 'yar ƙaramar guduma. Simintin da ya yi alfahari da ƙarfinsa, yanzu ƙarfin ya zame mashi bala'i, don duk inda ya ɓamɓaro sai ya taho da naman ganuwar. Yana ɓarewa yana tsince ƙasar da ta zubo yana tarawa gefe, ko ƙwaya ba ya bari. Masu jakai suka kawo mashi ƙarin jar ƙasa daga bayan gari. Ya yanka ciyawa ya zuba, ya bi gidajen tsofaffi yana neman ɓawon ɗorawa, ya jiƙa makuba, warin nan da ya gudu ma tun yana saurayi ya cika gidansa. Sannan ya naɗe wando har gwiwa ya shiga.

Kada wani ya ce maku hannunsa ya tuna nan take. Yaɓen farko kafin la'asar ya zubo. Na biyu ya tsattsage kamar ƙanzo. Sai ya koma kullum da safe yana zagayawa bola, ya tsaya gaban sawun yatsun nan yana kallon daga ina suka taso, ina suka nufa, wane kauri suka bari, ya dawo ya gwada. Mai gemu da furfura, yana koyon abin da aka yi ta roƙonsa ya koya kyauta yana yaro. Masu babur na wucewa suna mashi hon suna "Jirgin Sama, yaushe za a tashi?" Babaji kau ya juyo da bencinsa ya fuskanci wurin don kada komi ya wuce shi.

"Injiniya, ashe ƙasa ba ta kabari ce kaɗai ba?"

Mati ya ci gaba da taka ƙasarsa.

"Ka taka da kyau, Ɗan Taɓo, akwai gudaji ta hagunka."

Mutumin da a da ba a gama faɗa mashi ɗaya bai mayar da uku ba, yanzu sai dai ya duƙar da kai ya ci gaba da taku. Har ramin nan na gabas ya cike, shi ya fi cin ƙasa, bai ce ma kowa komi ba. Da yamma in ya shiga gida, Hajo ta miƙo mashi man kaɗe. Ya zamna a zaure, daidai inda tsohon ke zama, ya kalli ƙafafunsa sun fara faso. Ranar farko ya daɗe riƙe da kwalbar bai buɗe ba.

Yayyafin farko ya same shi a kan tsani yana shafa hannu na ƙarshe. Bayan 'yan kwanaki motar ta dawo, sama ta yi baƙi ƙirin, unguwa ta sake cika, don kowa na fatan a maimaita. Wannan karon Mati bai hau ko'ina ba. Yana ƙasa, cikin tsohuwar riga 'yar shara, ƙafa duk laka.

Hajiya Fadila ta zagaya gaba, ta zagaya baya, ta ƙwanƙwasa, ta shinshina. Ta ce gaskiya tabon na nan, kuma abin da siminti ya ci ya ci, ba mai dawo da shi. Mati ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Ta ce amma ganuwa ce, ba firamare ba, kuma za ta kai maganarta gaba. Kafin nan ta sa mutanenta suka sauke allon ƙarfe daga mota suka kafa a gindin tudun, mai cewa wurin nan na ƙarƙashin kulawa, kada wanda ya taɓa. Alhaji Muttaka ya karanta daga nesa, ya tuna yana da uzuri a kasuwa.

Mati ya ja buta gefe ya zamna yana wanke ƙafa, yana sharar ido da kafaɗa wai yayyafi ne. Babaji ya ga taro ya yi taro, ga baƙi, ga mata a saman katanga, ya ga in bai yi yanzu ba ya yi asara. Ya matso gaban allon ya ɗaga murya.

"Hajiya, allon nan bai cika ba. A ƙara a ƙasa: nan ne Mati Jirgin Sama ya sauka lahiya. Wandon kuma ku tafi da shi gidan tarihi a sa a gilashi, jikoki su gani."

Wuri ya ɗauki dariya. Mati ya bari ta lafa. Ya ƙarasa wanke ɗaya ƙafar, ya ajiye butar, ya miƙe a hankali.

"A rubuta, Babaji, na yarda. Ni riga na sa mata, ba ta so, ta tuɓe ta jefar da ni, mun shirya. Amma ranki ya daɗe, in tsohuwar ƙasar ganuwa kuke nema ta asali, wadda siminti bai taɓa ba, ku ɗauko allo na biyu ku biyo ni gidan wanga bawan Allah, a kafa a ƙofar bayinsa. Ku dai yi gyaran murya kafin ku shiga, don kullum safe yana nan tsugune cikin tarihin Katsina."